Me ya sa intanet ke rarrafe a Salaga ko da sabis ya cika?

Tambayar da na fi ji a zangunan Salaga, Yendi da Bawku ita ce: sabis ya cika, data akwai, to me ya hana saƙo tafiya? Ɗalibin da ke cike fom ɗin makaranta da ɗan kasuwan da ke tura hoton doya ga mai saye a Kumasi duk kukansu ɗaya ne.

Wani ɓangare na amsar yana cikin TCP, ƙa'idar aika bayanai da Vint Cerf da Bob Kahn suka tsara a Amurka a 1974. Tana yanyanka saƙo gunduwa-gunduwa, ta aika, ta jira a ce mata ya isa. Tun gyaran da Van Jacobson ya yi mata a 1988, idan gunduwa ɗaya ta ɓata sai ta ɗauka cunkoso ne, ta rage gudunta da rabi.

A cikin kebul wannan dabara ce mai kyau. A iska kuwa, gunduwa kan ɓata saboda bango, hadari ko nisa da turken sadarwa, alhali hanya fayau take. Kamar madugun ayarin goro ne da jakinsa ɗaya ya yi tuntuɓe a hanyar Kano, ya ce rabin fatake su sauke kaya.

Gyara ya zo. A 2016 Google ta fito da BBR, wadda ke auna faɗin hanya da lokacin zuwa da dawowa, ba ta razana don gunduwa ɗaya ta ɓata. A 2021 aka amince da QUIC, da Chrome, YouTube da Facebook ke amfani da ita. Da ita, hoto ɗaya da ya maƙale ba ya tsare sauran shafin.

Sai dai, jama'a, ƙa'ida ba ta gina hanya. Ranar 14 ga Maris 2024 da kebul-kebul na ƙarƙashin teku suka tsinke, Ghana duka ta ji a jikinta. Akwai kebul mai kimanin kilomita 800 daga Ho zuwa Bawku, da reshe daga Yendi zuwa Tamale. Shawarata biyu ce: mu riƙa sabunta manhajojin wayoyinmu, sannan mu tambayi wakilanmu turaku nawa ne a Gonja ta Gabas aka haɗa da irin wannan kebul.