Addu'a Ba Ta Roƙon Ruwa Kaɗai Ba Ce

A yawon da nake yi ƙauye-ƙauye wajen ƙungiyoyin manoma, na lura da wani abu. Idan ruwa ya ɗauke a watan Yuni, shuka ta fara yaushi, sai ka ga majami'a ta cika maƙil da asuba. Har wanda ya yi wata uku bai zo sujada ba, sai ga shi a bencin gaba. Amma da zarar hadari ya haɗo, ruwa ya sauka, sai a bar mai bishara da tsofaffi biyu ko uku. 'Yan'uwa, ashe mun mai da addu'a kamar maganin ciwon kai, ba a tunawa da shi sai kai ya sara?

Roƙon ruwa daidai ne. Iyayenmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san wannan. Annabi Iliya ma ya roƙi ruwa bayan shekara uku da wata shida ba a samu ba, har sau bakwai yana aiken baransa ya duba wajen teku daga Dutsen Karmel. Amma mu tuna da Daniyel, wanda ya saba durƙusawa sau uku kowace rana tun kafin a ambaci ramin zakoki. Ubangijinmu Yesu kansa yakan tashi da sauran duhu ya keɓe domin addu'a. Mai bi da ya saba magana da Allah lokacin yalwa, ba zai ruɗe ba ranar wahala.

Addu'a da fartanya

Waɗansu suna tsammani addu'a za ta yi musu aikin da ya kamata hannunsu ya yi. Ba haka ba ne. Sa'ad da Nehemiya yake gina garun Urushalima, magabta suka ƙulla masa makirci. Sai ya yi addu'a, ya kuma sa matsara dare da rana.

Mu ɗauki misalin wuta-wuta. Gindi ɗaya yakan zubar da iri dubbai, irin kuwa yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran dawa ko masara. In ka roƙi Allah ya albarkaci gonarka, ka kuwa bar wuta-wuta ta yi fure ta zubar da iri, kai ne ka shuka wa 'ya'yanka wahala. Ka yi addu'a, ka tumɓuke ta kafin ta yi iri, ka zuba takin gida, ka riƙa sauya gonar da waken suya ko gyaɗa. Mai nema yana tare da samu.

Addu'a cikin ƙungiya

A wata ƙungiya da nake kai wa ziyara, rabon takin zamani ya jawo gāba tsakanin ma'aji da wani ɗan ƙungiya. Ana buɗe taro da addu'a, ana rufewa da addu'a, amma mutanen nan biyu ba sa ko gaisawa. Ganin haka, waɗansu suka daina biyan bashin taki, ƙungiya ta kusa watsewa. Ran nan wani dattijo ya ce ba za a rufe ido ba sai an buɗe littafin kuɗi. Ya tuna mana koyarwar Yesu cikin Matta sura 5, cewa a fara shiryawa da ɗan'uwa kafin a miƙa baiko. Aka buɗe littafi, aka ga kuskuren lissafi ne, na buhu biyu. Suka nemi gafarar juna. A ran nan ne na ji "Amin" ta fito daga zuci.

Me za mu yi?

Da safe, kafin ka saɓa fartanya, ka tara iyalinka ko da minti biyar ne. Ka bar uwargida da yara su ma su yi addu'a, kada kullum ya zama maigida kaɗai. A gona, lokacin da aka kawo abinci, ku yi godiya. Da dare, ka tambayi kanka ko akwai wanda ka cuta yau, wajen mudu ko wajen iyakar gona. Ka ambaci gwauraye da marasa lafiya da waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu, sa'an nan ka duba rumbunka ka ga abin da za ka iya taimaka musu da shi.

Bana in ruwa ya sauka, kada mu watse. Mu dawo da asuba mu yi godiya, sa'an nan mu wuce gona. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka.