Ina Zumar Bakori Ta Shige?

Hutun da ya wuce na je gida Bakori, na tarar tari ya matsa wa Baba. Inna ta ce, "Kai ɗan boko, je kasuwa ka nemo zuma mai kyau a haɗa masa da citta da lemun tsami." Na zaga na samu a hannun mutum uku, kowa na rantsuwa tasa ce ta asali. Na zaɓi kwalba guda, na biya kuɗi masu ciwo. Baba na lasa a yatsa ya dube ni ya ce, "Sukari aka dafa maka." Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da dare yake ba ni labari cewa lokacin ƙuruciyarsu ba a cika sayen zuma ba. Mahaifinsa yana da amya a kan ɗorawa a gona, shekara ba ta wucewa ba a cika ƙwarya ba, har a aika wa maƙwabta. Tun daga ranar nake tambayar kaina: yankin da ke ciyar da jihohi da masara, me ya sa kwalbar zuma ta gaskiya take gagarar sa?

'Yan'uwa ɗalibai, amsar tana farawa daga fure. Ƙudan zuma ruwan fure yake tsotsowa, ya kai amya, a yi ta fifita shi da fukafukai har yawancin ruwan ya bushe, sannan a liƙe ramukan saƙar da kaki. Ƙuda ɗaya, duk tsawon rayuwarsa, abin da yake tarawa bai kai cokalin shayi ba. Masana sun ƙiyasta cewa kafin a samu kusan rabin kilo sai an ziyarci fure wajen miliyan 2. Kuma ƙudan ba ya nisan kiwo, yawanci 'yan kilomitoci ne daga gidansa. Ke nan zumar kowane gari tana bin yawan furen da ke kewaye da garin.

To mu duba namu kewayen. Daga Bakori zuwa Funtuwa, ko ka ɗauki hanyar Malumfashi, me ido ke gani da damina? Masara da dawa. Waɗannan iska ce ke yi musu barbara, ƙuda yana samun garin fure a jikinsu amma ba ya samun ruwan zaƙin da ake yin zuma da shi. Auduga tana da ruwan fure sosai, sai dai tana cikin amfanin gonar da aka fi yi wa feshin maganin ƙwari, kuma maganin bai san wane ne tsutsa wane ne ƙudan zuma ba. Ga maganin ciyawa da ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, yana ƙone ƙananan ciyayi masu fure da ke bakin gona.

Da rani kuwa bishiyoyi ne ke riƙe da ƙudan: ɗorawa, kaɗanya, mangwaro, gawo, tsamiya. Su ne kuma ake sarewa saboda itacen girki da gawayi, ko don tarakta ta samu hanya. Ɗorawar da kakana yake rataye amya a kai, Baba ya ce ko kututturenta babu yanzu.

Sai yadda mu kanmu muke ɗibar zumar. Amyarmu ta gargajiya ciyawa ake saƙawa, a shafe da kashin shanu, a turara, a ɗora kan reshe. Ranar ɗiba da dare ake zuwa da wuta, a babbake ƙudan, a kwashe saƙar gaba ɗaya har da 'ya'yan. An sha zuma bana, amma an kashe masu yin ta baɗi. A kan wannan kuma ga matsalar tsaro: dazukan wajen Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, inda sauran bishiyoyi suke, mutum ba ya shiga da dare yana neman zuma.

Buƙata kuwa ba ta ragu ba. Mu mutane ne da Alƙur'ani ya ambata mana zuma a Suratun Nahli a matsayin waraka, masu maganin Musulunci suna neman ta, mai jego da mai tari duk suna neman ta. Kaya ya yi ƙaranci, masu saye sun yi yawa, nan ɗan algus yake samun ƙofa. Ya dafa sukari ya yi kauri, ya zuba 'yar zuma don ƙamshi, wani ma har ya jefa guntun saƙa da mataccen ƙuda a ciki don ka yarda.

Gwaje-gwajen da muke yi a kasuwa, na ashana, na ɗigawa a ruwa, na cewa kiyashi ba ya bin ta gaskiya, duk ba abin dogaro ba ne, dafaffen sukari mai kauri yana iya tsallake su. Daskarewa ma ba alamar jabu ba ce, zuma ta gaskiya tana yin tsaki-tsaki idan ta daɗe, musamman da hunturu. Launi kuma furen da aka ci yake bi. Ma'aunin duniya ya ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100, wadda aka ɗiba ba ta nuna ba takan yi kumfa ta yi tsami. Tabbas sai ɗakin gwaji, ko kuma ka san mai amyar da kanka. Wani abu kuma da ya kamata mu gaya wa iyayenmu mata: likitoci sun hana ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma, ko ta asali ce, saboda wata ƙwayar cuta da cikinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Lamarin yana gyaruwa. Habasha ce kan gaba a Afirka wajen samar da zuma, kuma yawanci da amyar gargajiya suke yi. Akwai wani ɗan tsibiri a tekun Fasifik mai suna Niyuwe, mutanensa ba su kai 2,000 ba, amma har waje yake sayar da zuma, don ya kula da lafiyar ƙudansa.

A nan ne nake ganin muna da abin yi. Akwatin kiwon zuma irin na Kenya, mai jerin sanduna a sama, duk kafinta zai iya haɗa shi, balle mu da muke da wurin koyon aikin katako a makaranta. Da hayaƙi ake buɗe shi, a yanki saƙar da ta nuna kawai, a bar sarauniya da 'ya'yanta. Manomi kuma ya mai da feshinsa zuwa yamma lis, lokacin da ƙudan ya koma gida. Ribar ba ta tsaya a kwalba ba, domin auduga, riɗi, kankana da mangwaro duk suna ƙara yabanya idan ƙuda yana zirga-zirga a cikinsu.

Ni dai na roƙi Baba gefen gonarsa inda mangwaro biyu suka rage. Ya yi dariya ya ce, "Shan zuma sai da harbi, ka shirya?" Na ce na shirya. Akwati biyu zan fara da su hutu mai zuwa, in Allah Ya yarda. Duk ɗan yankinmu da ke da sha'awa, mu haɗu a ofishin ƙungiyar ɗalibai mu yi shawara. Allah Ya sa mu dace.