Koyon Aikin Jinya A Kano: Araha Ba Ta Ado

Duk wanda ya zaga titunan Sabon Gari da Fagge zai ga ƙananan asibitoci masu zaman kansu birjik, kuma a cikin yawancinsu akwai 'yan mata sanye da fararen kaya suna gwada zafin jiki, suna wanke ciwo, wasu har da yin allura. Da dama daga cikinsu ba su taɓa shiga makarantar jinya ba. Iyayensu ne suka biya mai asibiti kuɗin koyo, bayan shekara ɗaya ko biyu ya buga musu takarda da sunan mataimakiyar nas.

Abin da ke jan iyaye bai wuce sauƙin kuɗi ba, ga shi kusa da gida, kuma babu mai tambayar sakamakon jarrabawa. To, amma Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, ba ta san da wani matsayi mai wannan suna ba. Saboda haka takardar ba ta da rajista, ba a ɗaukar mai ita aikin jinya a Asibitin Zana ko Asibitin Murtala, ba kuma za ta ci gaba da karatu da ita ba. Ranar da ta saɓa da mai asibitin, ranar ce takardar ta zama abin ƙunshe ƙosai. In kuwa allura ta yi ɓarna, ita ce za a fara kamawa.

Ba a asibitoci kaɗai matsalar ta tsaya ba. A shekarar 2022 Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya masu zaman kansu har 26, waɗanda aka buɗe ba bisa ƙa'ida ba. Ɗaliban da suka riga suka zuba kuɗinsu a can su ne suka kwana ciki.

Hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce ta makarantun gwamnati. Makarantar Koyon Fasahar Kiwon Lafiya da ke Kano da takwararta ta Bebeji suna horar da ma'aikatan lafiya na al'umma: ƙaramin mataki, wato JCHEW, shekara 2, babban mataki, wato CHEW, shekara 3. Waɗannan suna da tasu hukumar rajista tun 1992, kuma su ne ƙashin bayan asibitocin sha-ka-tafi. Mai son aikin jinya sosai kuwa sai ta nemi makarantar jinya ta Kano ko ta Madobi, ko ta ungozoma da ke Ɗambatta.

Sai dai a nan ma akwai ƙalubale. Makarantun jinya suna neman kiredit 5, a Turanci da Lissafi da darussan kimiyya uku, a zama ɗaya ko biyu, kuma masu nema sun ninka guraben da ake da su. Wannan shi ne ainihin abin da ke kora yara zuwa bayan kantar mai asibiti. Duk da haka, kuɗin sake zana jarrabawar WAEC ko NECO bai kai asarar shekara biyu ba.

Kafin uba ya biya ko sisi a wata makaranta mai zaman kanta, ya kamata ya nemi a nuna masa takardar amincewar hukumar da ke ba da lasisi, sa'an nan ya je Ma'aikatar Lafiya ya tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin waɗanda aka yarda da su.