Birkin Baya a Motar Tsere: Inda Ake Yawan Kuskure

Tun da motar Jaguar C-Type ta lashe tseren Le Mans na Faransa a 1953 da birkin faifai, sauran masu tsere suka bi sahu. Sai dai haɗa na baya yana da wuyar sha'ani.

Idan direba ya taka birki, nauyin mota kan koma gaba, tayoyin baya su yi sakayau. In birkin baya ya kama da ƙarfi daidai da na gaba, tayoyin sai su kafe, bayan motar ya juyo, ta yi hajijiya a kwana. Shi ya sa ake sanya bawul mai rage matsin mai da ke zuwa baya, ko sandar daidaitawa da direba ke murɗawa yana zaune. A gasar Formula 1, tun 2014 na'urar lantarki ce ke kula da birkin baya.

Wata matsala da ake yawan samu ita ce feda ta yi laushi kamar an taka soso. Iska ce ta maƙale a bututu. Ka leƙa ɗan notin fitar da iska da ke jikin abin da ke matse faifan: dole ya kasance a sama. Sau da yawa bakanike kan musanya na dama da na hagu, notin ya koma ƙasa, ya wuni yana tatsar mai, kumfar ba ta fita ba.

Man birki kuma yana shan danshi. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya jiƙa kan iya tafasa a 155. Ni dai ban yarda a shiga tsere da tsohon mai ba.