Tiyatar Rage Ƙiba: A Auna Nisan Asibiti Kafin a Zaɓi Aiki

A Rano da Kibiya, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe ana kallon ƙiba a matsayin shaidar hutu. Idan mutum ya ajiye teɓa sai a ce daula ta zauna, kuma har yau akwai 'yan matan da ke shan "sha ka fashe" don su ciko kafin biki. Amma duk wanda ya ga dattijuwa tana sallah a kan kujera saboda gwiwa ta gaza ɗaukar jiki, ko magidancin da suga da hawan jini suka haɗe masa yana ɗan shekara 45, ya san akwai ƙibar da ba hutu ba ce, ciwo ce. Masu hali sun fara jin labarin tiyatar rage ta a Alkahira, Indiya, Turkiyya da wasu asibitocin kuɗi na Legas da Abuja, kuma tambayar farko da ake yi ita ce wace tiyata ta fi zubar da kilo. A ganina, ga mutumin da zai dawo ya zauna a kudancin Kano, tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: wace tiyata ce zan iya rayuwa da ita a garinmu, shekara goma bayan an sallame ni?

Sai a fara raba abu biyu da ake cakuɗawa. Zuƙe kitse daga ƙarƙashin fata aikin gyaran sura ne, ba ya warkar da suga, kuma shi ne aikin da ya yi sanadin rasuwar Stella Obasanjo a Sifen a watan Oktoban 2005. Tiyatar da muke magana a kanta tumbi da hanji take taɓawa, kuma ba kowa ake yi wa ba. Ana raba nauyin mutum da tsayinsa sau biyu, a samu lamba. Ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ta ce sai lambar ta kai 40, ko 35 idan akwai ciwo irin suga. A 2022 ƙungiyoyin likitocin fannin suka sauko da ita zuwa 35 da 30. Ga mace mai tsayin mita 1.6, lamba 35 na nufin kusan kilo 90 ke nan.

Aiki uku aka fi sani. Na farko zobe ne da ake ɗaurawa a wuyan tumbi, a riƙa matse shi ko sassauta shi da allura. Ba a yanke komai, shi ya sa yake jan hankali, amma yana buƙatar komawa wurin ƙwararre a kai a kai, yana iya zamewa ko ya ci naman tumbin, kuma asibitoci da yawa sun rage yin sa. Wanda zai baro Kibiya duk lokacin da zobe ya matse, wannan ba nasa ba ne. Na biyu shi ne silif, wato hannun riga: a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar siririn bututu. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa, don haka ba wurin zuba abinci kaɗai ke raguwa ba, har da kwaɗayinsa. Na uku shi ne baifas, wanda Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa a shekarun 1960: a ware ɗan aljihu mai girman ƙwan kaza daga tumbi, a jona shi da hanji can gaba, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji.

Idan kilo da suga kaɗai za a duba, baifas ne a gaba. Babban binciken da aka fara a Suwidin a 1987, mai mutum fiye da 4,000, ya nuna bayan shekara goma masu baifas sun rage kashi 25 cikin 100 na nauyinsu, masu zobe kuwa kashi 14. Wani gwajin asibitin Cleveland a kan masu suga 150 ya nuna bayan shekara biyar kashi 29 na masu baifas sugansu ya sauko matakin lafiya, masu silif kashi 23, masu shan magani kaɗai kashi 5. Waɗannan alƙaluma gaskiya ne, amma an same su ne a wuraren da ake gwada jinin majinyaci a kan lokaci, kuma bitamin ba ya yankewa. Farkon hanjin nan da baifas ke tsallakewa, a nan jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da na ƙashi, kuma tsotsar bitamin B12 ma tana raguwa. Mai baifas zai sha ƙwayoyin ƙari har ƙarshen rayuwarsa; idan ya daina, ƙarancin jini, raunin ƙashi da mutuwar jijiyoyin ƙafa na tafe a hankali. Ga macen da ke cikin shekarun haihuwa, a yankin da ƙarancin jini ya riga ya yi wa masu ciki yawa, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Ko wane aiki aka yi, likitoci na cewa a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, kuma wannan magana ce da dole a gama ta da miji kafin a shiga ɗakin tiyata.

A dubi yadda muke neman magani. Manomin da ya wuni a fadama ko a gonar rani, bayansa na ciwo, kemis zai tsaya a ba shi diclofenac ko ibuprofen, sau da yawa cikin haɗin ƙwayoyin da bai san sunansu ba. Ga mai baifas waɗannan na iya huda gyambo daidai wurin ɗinki. Haka wanda ya yi makonni yana amai bayan aiki: abin da aka saba shi ne a ƙara masa ruwa mai suga, alhali idan bitamin B1 ɗinsa ya ƙare, ruwan nan ba tare da bitamin ɗin ba yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Sai abinci. Furar da aka zuba wa suga, shayi mai kauri, lemon kwalba, duk suna faɗawa hanjin mai baifas kai tsaye, sai gumi, jiri da bugun zuciya. Lomar tuwo ta zama 'yar mitsitsiya, ba a kora ta da ruwa, kuma ƙwai, wake, nono da kifin Tiga su ne ke shiga kafin tuwo. Azumin shekarar farko ma likitoci kan hana, domin ƙaramin tumbi ba ya ɗaukar ruwan da zai riƙe mutum wunin bazara.

Wannan bai sa silif ya zama marar haɗari ba. Abin da aka yanke ba ya dawowa, aikin yana iya tsananta ƙwannafi, kuma shi ma yana buƙatar bitamin. Ɗinkinsa kan yi yoyo ga mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari a kwanakin farko, alamarsa zazzaɓi da bugun zuciya da sauri, abin da ake iya ɗauka maleriya ce. Wanda aka yi wa aiki a Alkahira ya hawo jirgi bayan kwana biyar, idan hakan ta same shi a gida, daga Babban Asibitin Rano sai an wuce da shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga likitan da bai ga cikinsa ba. Duk da haka, tunda ba a karkatar da hanji ba, silif ya fi yafe wa wanda gwaji da magani kan yanke masa. Mai ƙwannafi mai tsanani ko sugan da ya daɗe, baifas ya fi dacewa da shi, amma da sharaɗin ya riga ya san inda za a riƙa gwada jininsa.

Wani zai ce wannan damuwar masu kuɗi ce, a yankin da ake fama da yara masu tamowa. Gaskiya ne tamowa ta fi gaggawa, amma gida ɗaya kan haɗa yaro ramamme da uwa mai suga, kuma ba attajiri kaɗai ke tafiya ba. Akwai mai sayar da gona ya tafi, ya dawo ba kuɗin bitamin. Wani kuma zai ce ga allurai irin Ozempic da Wegovy, me ya kai mutum wuƙa? Ya kamata a gwada su idan da hali, sai dai suna da tsada, suna son firiji, kuma yawancin nauyin na dawowa idan an daina. Mai ganin an canza halittar Allah kuwa, ya bambanta ƙawa da neman magani, ya kuma tambayi malaminsa.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai wannan niyya, kada ka biya ko kwabo sai likita a Kano ya duba ka, ya kuma amince zai ci gaba da duba ka bayan ka dawo. Ka nemi a leƙa tumbinka da na'ura kafin a zaɓi aiki, ka zauna kusa da asibitin har likitan ya tabbatar ɗinki ya kama, ka karɓo rubutaccen bayanin abin da aka yi maka, ka kuma sa kuɗin bitamin da gwajin jini na kowace shekara cikin lissafi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai samu ba, a dakata da tafiyar.