Daga gidan rediyo da aikin kwangila zuwa siyasa: yadda wasu 'yan siyasar Tamale suka taso

A Tamale, babban birnin arewacin Gana, mutane kan san ɗan siyasa tun kafin ya tsaya takara. Wani ta muryarsa a rediyo aka san shi, wani kuma ta aikin gini da kwangila. Tarihin mutum biyu ya isa a ga yadda abin yake.

Na farko shi ne marigayi Alhaji Aliu Mahama, wanda aka haifa a Yendi a 1946. Ya yi sakandare a Tamale, sannan ya karanci fasahar gine-gine a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Bayan ya yi aiki da hukumar gine-gine ta gwamnati, a 1982 ya kafa kamfaninsa na kwangila mai suna LIDRA. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Real Tamale United. Wannan suna da ya yi a kasuwanci da harkar jama'a ya taimaka wa jam'iyyar NPP a arewa lokacin da John Kufuor ya ɗauke shi abokin takara. Daga 2001 zuwa 2009 shi ne mataimakin shugaban ƙasa, Musulmi na farko da ya riƙe muƙamin. Ya rasu a Nuwamban 2012, kuma babban filin wasan Tamale yanzu sunansa yake ɗauke da shi.

Na biyu shi ne Alhassan Suhuyini na jam'iyyar NDC. Shekaru ya yi yana gabatar da shirye-shiryen siyasa a Radio Gold da ke Accra. A zaɓen Disamban 2016 ya lashe kujerar Tamale ta Arewa, aka sake zaɓensa a 2020 da 2024, sannan a 2025 shugaba John Mahama ya naɗa shi mataimakin ministan hanyoyi.

Me ya sa waɗannan sana'o'i suke kai mutum majalisa? Tun da aka fara barin gidajen rediyo masu zaman kansu a tsakiyar shekarun 1990, mai gabatar da shiri yana shiga gidaje da shaguna kowace safiya, ba tare da ya kashe kuɗin kamfe ba. Ɗan kwangila kuwa yana da abin hannu da ma'aikata, ga shi takara a Gana tana cin kuɗi tun daga zaɓen fid da gwani.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Idan ɗan jarida ya shiga jam'iyya, masu sauraro sukan waiwayi shirye-shiryensa na baya da shakku. Shi kuma ɗan kasuwa, wata rana aikin gwamnati zai iya cin karo da ribar kamfaninsa. Don haka sashe na 284 na tsarin mulkin 1992 ya hana jami'i saka kansa inda buƙatarsa za ta yi karo da aikinsa, sashe na 286 kuma ya wajabta masa miƙa bayanin dukiyarsa ga babban mai binciken kuɗi na ƙasa. Hukumar CHRAJ ce ke karɓar ƙorafi a kan haka.

Ga Hausawan zango, daga Tamale zuwa Kumasi da Nima, darasin a fili yake: kafin a ba mutum ƙuri'a, a tambayi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa ko ya biya su haƙƙinsu, a kuma tuna ko ya taɓa faɗin gaskiyar da ba ta yi wa jam'iyyarsa daɗi ba.