Ranar da Malami Ke Rage wa Inji Wuta da Gangan

Mutumin unguwar Takur da ya ɗaga kai ya hango jirgi yana gangarowa filin jirgin saman Dutse, wanda aka buɗe a 2014, yakan ɗauka inji biyu ai kwanciyar hankali ne: in ɗaya ya mutu, ga ɗaya. Matuƙa sun san maganar ta wuce haka.

Manomi zai fi kowa saurin ganewa. Idan ana huɗa da shanu biyu, sa ɗaya ya toge, ɗayan ya ci gaba da ja, garma takan karkace ta nufi wajen wanda ya tsaya. Haka jirgi ke yi. Injin da ke aiki sai ya murɗa hancin jirgin zuwa ɓangaren mataccen, matuƙi kuwa dole ya danna fedar da ke juya wutsiya da ƙafa ɗaya don ya miƙar da shi. Ƙafar da ta zauna ba aiki ita ke nuna masa injin da ya mutu. A ƙananan jirage masu farfela biyu, mutuwar inji ɗaya kan cinye kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin hawa sama, kuma a zafin Afrilu irin na Jigawa, da iska ba ta da kauri, abin da ya rage yana ƙara raguwa. Idan gudu ya faɗi ƙasa da jan layin da ke agogon gudu, wutsiya ba ta iya riƙe jirgin, sai ya kifa.

Wannan darasi ake koya wa ɗalibai a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, inda ake horo da jirgin Diamond DA42 mai inji biyu. Malami ne ke ja wa inji ɗaya wuta baya ba zato, ya zuba ido ya ga yadda ɗalibi zai yi.

Sai dai gwajin kansa ya ci rayuka. Ranar 22 ga Maris 2010, a birnin Darwin na Ostireliya, wani jirgin Embraer 120 ya faɗi jim kaɗan da tashinsa, a lokacin da ake kwaikwayon mutuwar injin hagu. Masu bincike sun gano an ja wutar baya fiye da kima, har farfelar ta zama birki. Matuƙan biyu sun rasu, alhali injinan lafiyarsu ƙalau.

Barin gwajin ma ba mafita ba ne. A 2015 a Taipei, jirgin kamfanin TransAsia ya samu matsala a inji ɗaya, matuƙi ya kashe mai lafiyar, mutum 43 suka mutu.

Shi ya sa ƙa'idar masu koyarwa ta tsananta, kuma ta cancanci tsanantawa. Kashe inji na gaske sai an haura ƙafa 3,000 daga ƙasa, kusa da filin sauka. Ƙasa da haka, wuta kawai ake ragewa daidai gwargwado, hannun malami na kan sandar sarrafa jirgin. Mafi hatsarin darasin, wato mutuwar inji daidai lokacin tashi, masu manyan jirage sun mayar da shi cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, irin ta Boeing 737 da ke Zariya. A can matuƙi zai iya kifewa sau biyar kafin azahar, a sake kunna masa na'ura, ya sake tashi.